Ranar da Baba Ya Je Gaban Bature

Maigidana tafinta ne a barikin Lafiya, a shekarun da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Ni ban taɓa taka barikin ba, Turanci kuma har yau ban iya ba, amma duk abin da aka yi can sai ya iso tabarmata da la'asar, don Malam ba ya iya cin tuwo baki shiru.

Abin da ya fi damunsa shi ne yadda Baturen da yake yi wa aiki ke magana. Sai ya jefo kalma biyu ko uku ya yi shiru, saura ka nemo da kanka. Wa zai yi, me za a yi, don me, duk ya bar su a cikinsa. Ɗan'uwansa Bature zai gane. To, wannan guntu za ka miƙa wa dattijon da ya tako da ƙafa tun daga Shabu? Sai Malam ya riƙa cikewa: Bature yana gaisuwa, yana tambayar iyali da gona, ya ce a yi kaza saboda kaza.

Ashe mutumin yana lura. Wata rana ya ce shi magana ɗaya yake yi, tafinta ya yi goma. Daga yau abin da ya faɗa kawai za a faɗa, in aka ƙara ko da kalma ɗaya, aiki ya ƙare.

Na ce, “To Malam, ka bi shi mana, bakinka ma ya huta.”

Ya ce, “Ke kika san hutun baki?”

Ya bi ɗin, kwana huɗu. A na biyar aka kira masu unguwanni kan gyaran hanya, kuma na farko a layi mahaifina ne, mai unguwa a Akurba. Baturen bai ɗago kai ba ya yi maganarsa. Malam ya ce mini in an juya ta yadda take, ga ta nan: “Gobe. Mutum ashirin. Da fartanya.”

A garinmu mutum ba ya kiran sunan surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, balle ya tsaya a kansa ya jefa masa magana haka a bainar jama'a. Malam ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, “Baba, ina kwana? Ina gajiyar hanya? Bature yana neman alfarma, in da hali gobe a taimaka masa da mutum ashirin, kowa ya riƙo fartanyarsa, za a share hanya.”

Baba ya ce, “Madalla, Allah ya kai mu.” Washegari ya kawo mutanen tun kafin rana ta yi zafi.

Amma Baturen ya ji tsawon maganar, ya kuma ga durƙuson. Tun a ranar da aka yi maganar, kafin azahar, an karɓe rigar aikin Malam.

Ranar Malam ya dawo gida tun ban ɗora tukunya ba. Na ce, “Lafiya?” Ya ce lafiya lau, in duba masa ko garmarsa tana nan a bayan rumbu. Tana nan, ta yi tsatsa. Da damina ta faɗi ya koma noman doya, shi ya yi har ya tsufa.

Baba kuwa har ya rasu yana cewa bai taɓa ganin Bature mai ladabi irin wancan ba. Malam ya hana ni gaya masa, ni kuma ban gaya ba.