Kumburin da Ya Fito a Hannuna

Shin maigidana ya gane abin da wata nas ta faɗa mana a asibiti ya yi shiru, ko shi ma bai gane ba? Ya rasu ban tambaye shi ba. Ni tsohuwa ce, ban iya rubutu ba. Faɗa nake ana rubuta muku, ina yi ina share hawaye.

A lokacin ina da ƙarfina, ina sayar da koko da ƙosai a unguwar Moshi Zango, shi kuma tela ne a unguwar Dichemso. Wani tabo mai haske-haske ya fito masa a baya, ba ƙaiƙayi ba zafi. A asibiti suka ce suna zargin kuturta ce, cutar da ko sunanta ba ma kira a tsakar gida. Suka yi mana wata 'yar allura a fatar hannu, ni da shi, suka ce mu koma bayan kamar wata guda su duba wurin. Nas ɗin ta yi dogon bayani da Tonanci, yaren 'yan garin, tana haɗawa da Turanci. Ni Tonancina na ciniki ne, amma kunya ta hana ni cewa ban gane ba. Shi kuwa da ya fi ni jin yaren, kai kawai ya gyaɗa.

Wurin allurata ya kumbura kamar ƙwayar gujiya, nasa ya kwanta sumul. Sai na yanke wa kaina hukunci: ni ce mai cutar, shi Allah ya tsare shi. Na ware kwanona da kofina, na koma kwana a tabarma. Na roƙe shi kada mu koma asibiti, don in magana ta fita a gidan hayarmu, babu mai ƙara shan kokona. Ya amince. Kwanon ne kawai ya ƙi yarda a raba. Da na zuba tuwo zai jawo nawa ya sa hannu, yana tsokanata wai mai koko ta koyi rowa.

Haka shekaru suka wuce, har ranar da na kai masa abinci rumfa na ji ƙauri. Yatsunsa na jikin dutsen guga mai gawayi, yana ta hira bai ji ba. Sai a nan muka koma asibiti, wani likita mai jin Hausa ne ya warware mana: kumburin wurin allurar nan alama ce jiki ya tashi yana yaƙi, fatar da ta yi shiru ita ce jikin da bai kare kansa ba. Ashe hannun da nake gani ina hamdala, shi ya kamata na yi wa kuka. Ya sha magani ya warke, amma yatsun sun riga sun lanƙwashe. Bai sake riƙe almakashi ba, bai kuma taɓa cewa laifina ne ba.

'Yan'uwana, in an ce ku koma, ku koma. In ba ku gane ba, ku ce a maimaita muku da yarenku. Cutar tana da magani, kunya ce ta cinye mana yatsu.

Ya tsufa a hannuna, ni ke ba shi abinci a baki. Ranar da zai cika, bayan la'asar, na kawo masa kunu a kofinsa. Ya kau da kai, ya yi murmushi ya ce: "Mai koko, ba wannan ba. Kawo naki mu sha tare."