Sunan da Kouloussoum Ba Ta Rubuta Ba

Kouloussoum 'yar Maradi ce, tana aikin kula da tsofaffi a unguwar Sedgefield, a gefen birnin Greensboro na Amurka. Littafi ɗaya ta rubuta, da Turancin da ta koya da girmanta, a kan ɗanta na fari wanda ciwon sikila ya yi ajalinsa a nan Greensboro.

A Amurka marubuci ba ya kai wa manyan kamfanoni littafi da kansa, sai ta hannun ejan, wato dillalin littattafai. Ta yi ta aika musu. Yawanci shiru, waɗanda suka amsa kuma bakinsu ɗaya: rubutun da kyau, amma uwar ba ta da tausayi. Tun farko har ƙarshe ba ta kira yaron da sunansa ba, sai "yaron nan". Ranar jana'izarsa ma labarin dafa wa baƙi shinkafa ta bayar.

Daga baya wata ejan ta kira ta a waya. Ta ce za ta karɓi littafin idan aka sa sunan yaron, uwar kuma ta fito fili ta ce tana son sa.

Kouloussoum ta gaya wa mijinta Kader lokacin da ya zo ɗaukarta a tashar bas ta cikin gari.

"Maman Amal, ki sa mana," ya ce, da sunan ƙanwar yaron yake kiranta. "Bature ina ya san kunyar ɗan fari? Ni ma da na aure ki sai da na sha wuya kafin na gane ki."

"Har yanzu ba ka gama ba, Malam."

Ya yi murmushi, sannan ya ce a hankali, "In ba a buga ba, wa zai san ya zo duniya?"

Wannan tambaya ta tsaya mata a rai. Ranar hutunta ta buɗe kwamfuta, ta sa sunan a shafin farko, ta karanta jimlar. Sai ta ji kamar wata mace ce daban ke magana a kan ɗan wasu. Tun ranar suna bakinta bai furta shi ba, kuma yaron bai taɓa tambayar dalili ba, ya sani.

Ta goge. Ta rubuta wa matar godiya, ta ce ba za ta iya ba. Amsa ta zo da yamma, gajera, da fatan alheri.

Littafin yana nan yadda yake. Ran Litinin ta aika wa wani ejan kafin ta fita aiki.