Alƙawari na Biyar a Bangon Tasha

Shekara ashirin da shida Mai Fenti yana rubuta allunan shaguna, kuma duk garin ba wanda zai ga rubutunsa ya tambayi mai shi. Haruffansa a tsaye suke cak, babu mai jingina da ɗan'uwansa. Allon mai aski, allon mai gyaran rediyo, har "Ba a fitsari a nan" na bayan kasuwa, duk aikinsa ne. Mutum ne mai tsiya a kan sana'a. Ka kuskura ka ce masa "ai ya yi haka nan", sai ya ajiye burushi ya kalle ka kamar ka zagi uwarsa. Ba gona, ba mota, rubutun nan kaɗai ya mallaka a duniya, kuma wallahi yana ji da shi.

Abin da mutanen gari ba su sani ba, ba a jikin bango ake ainihin aikin ba. A ƙuryar shagonsa yake zana haruffa a kwali, ya yanke su da reza, ƙofa a rufe. In ya fito titi sai ya manna kwalin, ya bi ramukan da fenti da hannun dama, abin da kowane shashasha zai iya. Zanen da yankan kuwa da hagu yake yi. Bahago ne. Yana ƙarami ubansa ya sha ɗaure masa hannun da igiya, ya farfasa masa 'yan yatsu da rula, har kunyar abin ta bi jininsa. Ya girma yana ci da dama, yana gaisawa da dama, yana ɓoye hagun kamar kayan sata. Mutum biyu rak suka sani, matarsa da ƙanenta Auta, wanda ya tashi a hannunsu.

Auta ya ƙi koyon fenti. Yanzu ƙato ne ɗan shekara talatin, yana cikin 'yan daban tashar mota, ƙarƙashin wani mugu da ake kira Tsatsa. Su ne masu tatsar direbobi. Direban da ya yi gardama a fasa masa gilashi, in ya ƙara a fasa masa kai.

Da zaɓen shugaban ƙaramar hukuma ya matso, tsohon hedimastan firamare ya fito takara. Ya zo shago da takarda ɗauke da alƙawura biyar. Zai yashe kwatar kasuwa, zai ajiye ungozoma a asibiti kullum, zai rufe azuzuwan da iska ta kware, zai kai famfo unguwar gangare. Na biyar, zai kori 'yan daba daga tasha. Kuma a doguwar katangar da ke kallon tashar yake so a rubuta.

"Ranka ya daɗe," in ji Mai Fenti, "huɗun farko ko a goshina ka ce sai in rubuta. Amma na biyar ɗin nan fa?"

"Shi ya fito da ni takara," in ji Hedimasta. "In kana tsoro ka faɗa, in nemi wani."

Wani? Wa? Waɗannan masu rubutu kamar tonon kaza? Tsohon ya san inda ya taɓa. Mai Fenti ya fizge takardar.

Kullum alƙawari ɗaya yake ɗorawa. Kwana huɗu 'yan tasha suna zaune a kan tayoyi suna kallonsa. Sun riga sun ji abin da ke tafe, don motar kamfen ta karaɗe gari da shi. Ran na biyar da hantsi, yana saman tsani zai manna kwali, aka yi ƙwallo da ƙafar tsanin. Ya faɗo ta kafaɗa, gwangwanin jan fenti ya kife masa a ƙirji. Kafin ya yunƙura sun rufe shi. Wani ya karya katako a gadon bayansa, wani ya yi ta zuba masa takalmi a haƙarƙari, haƙorinsa ɗaya ya faɗo cikin fentin. Masu talla suka watse, direbobi suka ɗaga gilashi. Tasha guda, mutum ya fi ɗari, ba ɗan halak ɗaya da ya ce a bari.

Tsatsa ya yayyaga kwalin, ya karɓi sifanar kwance taya.

"Hannun da yake rubutun nake so," ya ce. "Auta! Mijin yayarka ne, kai za ka riƙe."

Auta ya durƙusa. Bai kalli fuskar Mai Fenti ba. Ya danne hagun da gwiwarsa, ya cafki wuyan hannun dama ya shimfiɗa a bakin kwalbati. Sau uku ƙarfen ya sauka. A na farko Mai Fenti ya yi ihun da bai san yana da shi ba. A na biyu ya ji ƙashi ya ce ƙas. Na ukun bai ji shi ba sam, sai maganar Tsatsa daga nesa-nesa.

"Na gama da shi. Kai kuma Auta, ranar da na sake ganin rubutun mutumin nan a miƙe, na san ka cuce ni. Wuyanka zan sa a nan."

A asibiti aka yanke yatsu biyu, sauran ukun suka sandare. Hedimasta ya zo dubiya da mai ɗaukar hoto, aka ɗauki hannun ta gaba, ta baya, ta gefe. Ko ruwa bai tambaya ko majinyacin ya sha ba. Washegari hoton ya cika gari.

Ranar da aka sallami Mai Fenti, da la'asar, Auta ya shigo gida. Yayarsa ba ta tsaya jin komai ba, ta rarumi farantin tangaran ta fasa masa a ka.

"Tsinanne! Mutumin da ya ci da kai, ya sha da kai?"

Auta ya tsaya, jini na bin kunnensa. Mai Fenti yake kallo, ba ita ba.

"Yaya," ya ce, "na san hannun da na miƙa musu."

Matar ta dubi hannun mijinta na hagu, lafiyayye, a kan gwiwarsa. Ta sulale ta zauna a ƙasa.

"In suka gane," in ji Auta, "a kwata za ku tsinci gawata." Ya juya ya fita.

Saura kwana takwas zaɓe, katanga na nan da giɓi a ƙarshenta. Giɓin nan ya hana Mai Fenti sakat. Bai taɓa barin aiki rabi ba, kuma yanzu ya tsani Tsatsa tsanar da ke hana shi haɗiye abinci. Ran nan da safe ya shiga shago ya rufe ƙofa, ya danne kwali da gwiwar hannun da ke naɗe, ya zana, ya yanka. Kai! Tunda yake bai taɓa fitar da haruffa irin waɗannan ba. Yana cikin kallonsu matarsa ta turo ƙofa. Ta dubi kwalin.

"Malam," ta ce a hankali, "ƙanena."

Abin da ta faɗa ke nan. Ya so ya yi mata tsawa, ya so ya ce ƙanen nata ne ya danne shi aka mai da shi haka. Sai dai kuma ƙanen nan ne ya bar masa hannun da ya yi wannan zanen. Ya miƙa mata kwalin, ta kai murhu.

Da rana tsaka ya isa katanga, ba kwali, ba tsani, burushi a hagu. 'Yan tasha suka miƙe. Ya tsoma burushin, ya fara. Nan ya gane dukan da ya sha ba komai ba ne. Hannun yana son miƙewa, shi kuma yana karkatar da shi da gangan. Ya sa wani harafi ya yi ciki, wani ya kwanta, fenti ya zubo kamar majina. Layin ya gangara kamar ɗan maye. Gumi ya jiƙa shi, hawaye na zuba, mutane suka ɗauka zafin ciwo ne. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshe: ZA A KORI 'YAN DABA DAGA TASHA.

Tsatsa ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ku ƙyale shi," ya ce. "Duk wanda ya ga wannan ya san aikinmu." Ya daki kafaɗar Auta. "Ka riƙe da kyau, mutumina."

Hedimasta ya ci zaɓe, kuma hoton hannun nan ya taimaka masa ba kaɗan ba. A faɗi gaskiya, ya yashe kwata, ya kai famfo. Tsatsa kuwa riga aka ɗinka masa mai tambarin ƙaramar hukuma, aka ce shi ne shugaban kwamitin tsaron tasha. Auta na nan a bayansa.

Yau shekara huɗu. Mai Fenti ƙofofi da tagogi yake shafa wa fenti, aikin da dā yake rainawa. Masu shaguna sun koma wajen wani baƙo da ya buɗe rumfa kusa da kasuwa. Makon jiya mai aski ya ja shi ya ga sabon allonsa, haruffa suna hawan juna, na ƙarshen an matse shi a gefe don wuri ya ƙare.

"Dubi ɓarna, don Allah," in ji mai aski. "Da hannunka na nan, ai da ba a yi mini wannan wulaƙancin ba."

Mai Fenti ya ji yatsunsa na hagu suna motsi su kaɗai, suna gyara layin a iska. Ya yi maza ya cusa hannun a aljihu.

"Da yana nan," ya ce.