Auta da Buhun Dusar Katako

Duk kasuwar nan idan ka ce Mai Dusa, ba wanda zai kai ka wurin masu kiwon tumaki. Ƙanwata za a nuna maka, autar gidanmu, wadda ke tsara wa 'yan kasuwa cikin shagunansu. Ni ne yayanta, takalma nake sayarwa, kuma a kaina ta koyi aski.

Da ɗinkin labule ta fara, a barandar mahaifiyarmu, da tsohon keke mai ƙafa. Ciwonta ɗaya ne: in ta je rataya labule, bakinta ba ya rufuwa. Ta ce wa mai ofis teburinsa ya ba haske baya, ta ce wa mai kanti ƙofarsa korar mutane take yi. Wasu su yi dariya, wasu su nuna mata hanya.

Wata safiya sai ga ta a shagona da buhu.

"Yaya, ara mini ƙasan shagonka na yini ɗaya."

"Ƙasan kawai? Rufin fa, wa kika bar wa?"

Ba ta kula ni ba. Ta barbaɗa dusar katako siririya tun daga bakin ƙofa har ƙurya, ta ce kada in share. Da yamma ta dawo ta tsuguna tana bin sawu kamar maharbi.

"Ka gani? Duk wanda ya shigo hagu yake yi. Nan dama, inda ka jera masu tsadar, sawu biyu ne kacal, kuma duka naka ne."

Ta mayar da kantocin hagu. Ta sauko da madubina daga bango ta jingine shi a ƙasa, wai fuska suka zo saye ko takalmi? Ta sa kafinta ya yi benci mai laushi kusa da ƙofa saboda 'yan rakiya, domin a cewarta maigidan da ya samu wurin zama ba ya cewa a tafi. Wallahi kafin wata ya mutu, ni da nake gyangyaɗi da rana, sai da na rasa lokacin sosa ƙeya.

Daga ni sai mai aski, sai tela, sai mai sayar da waya. Dokokinta ba su da yawa. Tana ɗaukar hoto kafin aiki da bayan aiki, ba ta haɗa aiki biyu ko da za a yi mata kuka, kuma bayan wata guda takan koma ta duba ko wani marfi ya saki. Rabin sababbin ayyukanta a wannan komawar take samun su, don maƙwabci yana leƙe.

Ana nan sai wani mai kantin magani ya zo sayen takalmi, ya zauna a bencina ya ƙi tashi. Reshe huɗu gare shi, yana so ya sabunta babban, kuma wanda ya yi wannan shi zai yi sauran ukun. Wani kamfani na masu kwat ya riga ya kawo masa hotunan gilashi da marmara. Ni kuwa baki ba aro na karɓo shi ba. Na zuba masa labarin Auta har ya ɗaga hannu.

"Yini ɗaya na ba ta. Jibi da safe zan sa hannu da kamfanin."

Da na gaya mata, tsalle ta yi har ɗankwalinta ya faɗi. Shekara shida tana gyara shaguna masu faɗin tabarma biyu, yau ga kanti mai ƙofa biyu da layin mutane har titi! In ta samu, za ta kama ofis ta bar barandar tsohuwa. In ta rasa, sai wani jiƙon.

Na rufe shagona na ɗauko mata buhu. Ta yi wa manaja bayani, ta yi wa masu ba da magani, har mai gadi ta yi wa. Muka barbaɗa kafin a buɗe. Yini guda mutane na shiga suna fita, Auta na leƙe ta taga tana murza hannu kamar wadda ta ɗora tukunya. Da la'asar na ja ta mu sa wani abu a ciki kafin mai kanti ya iso.

Muka dawo muka tarar da ƙasa tana walƙiya, ko allura ta faɗi ka gan ta. Wata dattijuwa na tsaye tana matse tsumma a bokiti. Kowa an gaya masa, ban da mai shara.

"Inna, me kika yi?" in ji Auta.

"Aikina na yi, 'yar nan. Wani marar tarbiyya ne ya watsa dusa a kantin magani, sai ka ce turken awaki."

Na ce, "Inna, ga marar tarbiyyar nan a gabanki, ni ɗan dako ne kawai."

Auta ta zauna a kan kwali ta yi tagumi. Saura rabin awa mai kanti ya zo. Na yi wa dattijuwar bayanin sawun, ta dube mu sama da ƙasa.

"Wai sawu kuke nema? Shekara goma sha biyu ina kwashe sawun nan. Taso."

Ta ja Auta. "Nan yashi yake taruwa, kullum sai na cika kwano da shi. Bangon nan da ya yi baƙi, mata masu goyon marasa lafiya ne ke jingina, don babu kujera. Bayan ginshiƙin nan kuwa masu jin kunyar faɗin ciwonsu ke laɓewa har layi ya ragu, wasu su gaji su tafi. Kantar man shafawa can, sati-sati nake leƙa ta, gizo-gizo ne kawai ke ciniki."

Auta ta zaro takarda tana zane. Ko da mai kanti ya shigo, ba ta ɓoye masa komai ba. Ta ce dusa ta tafi, amma ga wadda ta fi dusa. Dattijuwa ta maimaita, Auta na nuna zane: benci a jikin baƙin bangon, ƙaramar taga ta sirri a bayan ginshiƙi inda mutum zai yi magana ba a ji ba, man shafawa ya dawo gefen layi inda ido zai faɗa kansa.

Mai kanti ya je ya tsaya bayan ginshiƙin, ya daɗe. Sannan ya juyo.

"Inna, me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

"Ka taɓa tambayata, yallaɓai?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wa Auta ta kawo kafintanta ranar Litinin. Ni na yi ihu a kantin magani har mai gadi ya leƙo.

Yanzu tana kan reshe na uku, ofishinta na da ƙofar gilashi. Buhun na nan a bayan motarta, amma duk inda ta shiga, kafin ta gaida mai wuri sai ta tambayi wa ke shara. Na ce mata ni ma a shagona ni ke shara, ta riƙa gaishe ni da ladabi. Ta ce ta ga ƙurar da ke ƙarƙashin bencina, shaidata ba ta karɓuwa.