Dundufar Yaya Habu a Handsworth

Shekara goma ke nan da muka binne yayana Habu a Birmingham. Karatun injiniya ya kawo shi Ingila, amma makaɗi ya mutu.

Mu 'ya'yan maƙera ne, da kiɗan dundufa aka yaye mu. Da Habu ya haɗu da wasu Turawa huɗu a unguwar Handsworth ta Birmingham, 'ya'yan leburorin masana'antar ƙarfe, masu kiɗan da suke kira heavy metal, sai ya ajiye littafi ya zama mai gangarsu. Na taso takanas daga Rusholme, inda nake zaune, in yi masa faɗa. Ya bar ni na gama, ya ce, "Sani, su ma maƙera ne. An rufe musu maƙera, suka zuba ƙarar guduma a jita." Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ya cusa musu bugun dundufa a waƙoƙinsu, jama'a na kaɗa gashi ba su san taken kakanmu suke bi ba.

Sun fi shekara talatin tare. Ba su yi arziki ba, kunnuwa kawai suka kashe. Abin da suka mallaka shi ne wani zauren unguwa, inda suke gwaji suna koya wa matasa kiɗa. Da gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, council, wato hukumar gari, ta garƙame zauren. Habu ya kwashe gangunansa ya jibge a flat ɗinsa, ɗan gidan hayar da ko tari ka yi maƙwabci zai buga bango. Bai ƙara bugawa ba. Likita ya ce zuciya ce. Ni na ce shiru ne ya kashe shi, kuma har yau ban huce ba.

Ranar jana'iza Turawan nan suka zo da furfurarsu har kafaɗa. Terry, mawaƙinsu, ya ga muna zuba ƙasa da kanmu, ya miƙo hannu a ba shi shebur.

Da Habu zai leƙo yau, da ya tarar zauren ya zama gidajen haya masu tsada, uku daga abokansa sun bi shi lahira. 'Ya'yana ko sunan dundufa ba su iya faɗa. Ina jin zai yi dariyar nan tasa ya ce duniya rawar 'yan mata ce. Ni abin tsoro yake ba ni, don masu riƙe da bugun nan a ƙasar nan saura mu biyu, ɗayan kuma mantuwa ta cinye shi.

Watan jiya na je gidan kula da tsofaffi inda Terry yake. Bai gane ni ba. Sai na fara buga taken da yatsu a kan tebur. Ƙafarsa ta amsa. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Habu, ka makara. Mun daɗe muna jiranka."

Ban gyara masa ba. Allah ya jiƙan Yaya, na ci gaba da bugawa.