Ranar da Na Ɓata Ɗawafin Bankwana

Tafiyar ban iya hana ta ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi gaba da maigidana har kwana tara muna ɗaki ɗaya, duk a banza. An sayi tikitin jirgin ruwa, an yi mana takardar fita ba dawowa, za mu tsallaka teku zuwa Bur Sudan, garinsu, inda wansa ya samo masa rumfa a kasuwa. Abu ɗaya ne ya rage a hannuna, shi ne bankwana. Na ce za a iya fitar da ni daga Makka, amma ni ba zan yi mata sallama ba.

A unguwar Mansur ta Makka aka haife ni, a wani ɗaki da ke saman shagon mai gasa burodi. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya yi noma a Chadi, ya yi shekara da shekaru yana tsinkar auduga a Sudan, sannan ya tsallako. Abin da ya bar mana daga wannan doguwar hanya shi ne fasfon Sudan, ƙasar da ban taɓa gani ba ko a mafarki. Uwata da ubana duk a Makka aka binne su. Amma a takarda ni baƙuwa ce, kowace shekara sai an sabunta mini iƙama, izinin zama ke nan. Shekara arba'in da bakwai na yi ina neman izinin zama a unguwar da aka yanke mini cibiya.

Maigidana yana da shago a Mansur, ɗan mitsitsi, in mutum uku suka shiga na huɗu sai ya tsaya a waje. Tsarabar alhazai yake sayarwa, su carbi, darduma, hula, turare, kwalli. Ba ya barin mutum ya taya kaya sai ya zauna ya sha shayi, ya faɗi garinsu, ya faɗi yadda damina ta yi. Ni nake dafa shayin in aika, ni nake ɗinke bakin hulunan da suka zo da zare a sake. Da wannan shago muka reni yara huɗu.

Sai manyan kantunan rahusa suka zo, waɗanda ake ce wa abu hamsa, wai komai riyal biyar. Da can ƙanana ne, na kofi da roba. Kafin mu ankara sun zama gidaje masu hawa biyu, da sanyi, da keken tura kaya. Motocin alhazai suka daina tsayawa a layinmu, kai tsaye ake sauke mutane a ƙofar kantin su fito da buhuna. Carbin da maigidana yake sarowa, a can ana sayar da shi ƙasa da yadda shi ya saro. Tsohon abokin cinikinsa zai zo ya sha shayi, ya yi doguwar addu'a, ya tashi bai sayi ko allura ba, ga ledar kantin yana ɓoyewa a ƙarƙashin riga. Ranar da aka rufe shagonmu na tsaya a gaban yara na rantse da Allah ƙafata ba za ta taka abu hamsa ba.

Muka koma unguwar Ka'akiyya saboda sauƙin haya. Muka yi shekara biyu muna lallaɓawa, shi yana 'yan buge-buge, ni ina sayar da ƙosai da kunu, kuɗin iƙamar iyali kuwa yana ta hawa. Daga nan wansa ya fara bugo waya.

Ana saura kwana uku mu tafi, maigidan ya tara mu bayan la'asar. Mutum ne mai bin ƙa'ida, ko takalmi zai sa sai ya fara da dama. Ya ce ranar tafiya da safe za mu je Harami mu yi ɗawafin bankwana. Ya yi wa yaran bayani cewa shi ne aiki na ƙarshe da mai barin Makka yake yi. Daga shi ba zama, ba ciniki, sai hanya. Wanda ya tsaya ya ɓata wuni a gari yana saye-saye, nasa ya warware, sai ya koma ya sake. Ni ba sai an faɗa mini ba. Mata nawa na raka wannan ɗawafi, na riƙe musu jaka suna kuka, na hana su tsayawa sayen gyale a hanya?

Na ce, “Baƙo ne yake bankwana. Ni wa zan yi wa?”

Ya ce, “Hajiya, ko ɗan gari in zai yi nisa yana yi.”

“Ɗan gari zai dawo. Ni an rubuta mini ba dawowa.”

A karatun da muka gada wannan ɗawafi ba wajibi ba ne, babu yanka a kan wanda ya bari. Na sani, shi ma ya san na sani. Don haka bai kawo mini littafi ba. Kallona kawai ya yi ya ce, “Kar ki raba mini kan yara a rana ta ƙarshe.” Da wannan ya ɗaure ni.

Na je. Na zagaya sau bakwai, na yi addu'ata, don ni ba da Ɗakin Allah nake rigima ba. Babbar 'yata tana riƙe da hannuna tana kuka da Larabci, ita da Hausarta ba ta wuce ta cefane ba. Da muka idar da raka'a biyu maigidan ya ɗaga hannu ya yi ta roƙo, gemunsa sharkaf. Muka sha zamzam muka fito. Ina sa takalmi a farfajiya sai abin ya taso mini. An ci ni da lallashi. Na yi abin da na ce ba zan yi ba, na yi wa garina sallama irin ta wadda ta zo da jakar hannu.

Maƙwabcinmu, mutumin Chadi, shi zai kai mu Jidda a motarsa, mu kwana wajen dangi, washegari mu shiga jirgi. Sai da muka koma Ka'akiyya aka ɗaure kaya a saman mota. Ba mu yi nisa ba sai ga babban abu hamsa ɗin nan a gefen titi, da jajayen tutocinsa na rahusa, motocin masu umra biyu a ƙofa.

Na ce wa direba, “Tsaya.”

Maigidan ya juyo daga gaba. “Lafiya?”

“Zan sayi abu.”

Ya dubi kantin, ya dube ni. Shekara ashirin da takwas muna tare, bai buƙaci ƙarin bayani ba.

“Hajiya, kin yi rantsuwa.”

“Zan yi kaffara.”

“Kin yi ɗawafi.”

“Na sani.”

Na buɗe ƙofa na sauka. Ban waiwaya ba.

Sayen ruwa a hanya ba ya warware bankwana, sai an daɗe. Don haka na shiga da niyyar daɗewa. Na jawo keke mai karkatacciyar ƙafa na fara daga layin farko. Na duba tukwane ɗaya bayan ɗaya, na buɗe filas na shinshina, na karanta bayan kwalin sabulu tun daga sama har ƙasa. Tunda na karya rantsuwa, na ce kaffarar ma a nan zan saya, riguna goma na tufatar da mabuƙata goma. Kowace riga sai da na juya cikinta na bi ɗinkin da yatsa, sai ka ce kayan lefe nake haɗawa. Abin da ya ƙara ƙona mini rai, wasu kayan ba laifi. Na so a ce duk tarkace ne.

A wajen carbi na tarar da wata tsohuwa 'yar umra, daga jin harshenta mutuniyar Sakkwato ce, tana ta neman wanda za ta taya wa kaya. Ta riƙe wani ma'aikaci tana nuna masa yatsu uku, shi yana nuna mata takardar da ke manne.

Na ce, “Inna, nan ba a tayi. Abin da aka rubuta shi ne.”

Ta ce, “To wane irin ciniki ne wannan, ba gaisuwa ba ragi?” Sannan ta ƙare mini kallo. “Ke 'yar nan ta?”

Na ce, “'Yar nan ce, Inna. Nan aka haife ni.”

Na taya ta zaɓar masu ƙwarin zare, don in ban iya komai ba na iya carbi. Ta sa mini albarka ta wuce. Na jingina da keken na share idona da bakin gyale.

Aka kira azahar na yi tawa a ɗan ɗakin mata. Bayan nan 'yata ta shigo ta same ni a hawa na biyu wajen bargo.

Ta ce da Larabcinta, “Yumma, halas, ya isa haka. Baba ya gaji, akwai rana.”

Na ce, “Ku wuce Jidda, zan biyo ku a tasi.”

Ta ce ai ya ce ba inda za su. Na ce to su shiga inuwa. Ta tsaya kamar za ta ƙara magana, ta ga fuskata, ta juya.

Sai bayan la'asar ya shigo da kansa. Shi bai yi rantsuwa ba, amma tun da aka buɗe kantunan nan bai taɓa leƙa ko ɗaya ba. Na hango shi tun daga nesa yana tafiya a hankali, yana kallon kayan da aka jibge har rufi. Bai zo wajena ba, a wajen darduma ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya kifa ta a hannu, ya murza ta tsakanin yatsu, ya ja gezar, yadda na ga yana yi shekara da shekaru in dillali ya kawo kaya. Na matso da kekena.

Ya ce, “Zaren bai kai ba. Wata uku za ta fara zuba.”

Ya ninke ta da kyau, ya fi yadda ya same ta, ya ajiye. Sannan ya karɓi keken daga hannuna ya tura zuwa wajen biya, ya ciro kuɗi ya biya. Muna fita zafin waje ya buge mu, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Kin san nawa ɗawafin ma ya tafi? Tun hantsi nake zaune a Makka.”

Wallahi ban yi wannan tunanin ba. Kaina kawai na gani, ban tuna da cewa in na zauna, duk wanda ya jira ni ya zauna ba. Mutumin da ya jiƙa gemunsa da hawaye da safe, na warware masa, na warware wa yara. Kunya ta kama ni, amma ban ji zan janye nawa ba.

Na ce, “Baban yara, ku koma ku sake. Ni zan jira a mota, ko awa nawa ne. Amma ni ba zan sake ba.”

Muka shiga, yaran duk sun yi laushi. Direba ya tada mota ya kai mu mararraba, ya rage gudu.

Ya ce, “Alhaji, Harami ko Jidda?”

Maigidan ya daɗe yana kallon titi, har na bayanmu ya danna oda.

Ya ce, “Jidda.”

Bur Sudan kuwa na same ta yadda na zata, har da ƙari. Iska mai gishiri ta cinye mini murfin tukwane, ruwa sai an saya wajen mai jaki, ga kifi safe da yamma, ni da ban tashi da shi ba. Rigunan goma na raba su a makon farko. Matan unguwa Hausawa ne, sun karɓe ni hannu biyu, suna ce mini 'yar Makka, wasu da girmamawa wasu da zolaya, ni dai duk amsawa nake yi. Rumfar ta ɗan yi motsi, maigidan ya koma ba mutane shayi. Bayan shekara uku ciwo ya kwantar da shi, a can aka binne shi.

Bayan sadakar bakwai wansa ya zo ya zauna a bakin ƙofata. Ashe labarin ya kai masa ta bakin yara. Ya ce shi ba ya son tayar da magana a cikin makoki, amma na hana ƙaninsa bankwana da Ɗakin Allah saboda taurin kai, ga shi ya tafi bai koma ba.

Na ce, “Yaya, ina zaune a bayansa a mota, bakinsa ne ya ce Jidda. In kuma akwai tambaya a kan wannan, ni za a yi wa, ba kai ba.”

Ya tashi ya kaɗe riga ya tafi. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ina kwana.

Akwai abin da ban faɗa masa ba, don ba nasa ba ne. Maganar da ya yi ni ma ta daɗe tana cina. Da jikin maigidan ya yi tsanani, wata rana da hantsi ina ba shi kunu a cokali, na kasa riƙewa. Na ce ya yafe mini, da ban tsaya a kantin nan ba da ya bar Makka da bankwanansa cikakke. Ya kawar da cokalin da bayan hannu, ya harare ni da ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Ya ce, “Shekara talatin da ɗaya na yi a Makka, Hajiya. Ke kaɗai ce 'yar gari?”

Sannan ya buɗe baki na ci gaba da ba shi kunun.