Ranar da Aka Ɓoye Takalman Tsani

A gidanmu ba a taɓa sayen tsani ba. Tun yayana yana ƙaramar sakandare, in ƙwan lantarki ya mutu sai Umma ta ɗaga murya ta ce, "Ku kira min Tsani." Zai zo ya miƙa hannu ya kwance tsohon ya ɗaura sabo, ƙafafunsa biyu suna ƙasa. Sunan ya bi shi makaranta, ya bi shi jami'a, har malamansa sai sun yi jim kafin su tuna sunansa na gaskiya.

Babanmu tela ne, shagonsa a jikin gida yake, ƙofa ɗaya tana kallon titi, ɗaya tana kallon tsakar gida. Shi ya fi kowa jin jiki da tsawon Yaya. Zai ɗinka masa wando ya bar ninki a ƙasa saboda gaba, kafin a ankara an warware ninkin, idon sawu ya sake leƙowa. Baba yakan ce, "Yaron nan yadi yake ci, ba abinci ba." To wando dai ana iya ƙara masa tsawo. Takalmi ne matsala. Lambar ƙafar Yaya ba a samunta a kanti. Akwai wani ɗan gwanjo da ya san da zamansa, in an yi sa'a irin nasa ya faɗo a dila sai ya aiko a zo a ɗauka. Saboda haka takalmin wasa ɗaya tak Yaya yake da shi, baƙi mai ratsin ja, wanda mai gyaran takalma ya liƙe ƙasansa ya fi a ƙirga. Umma ta hana a shigo da takalmin ɗaki saboda wari, a bakin ƙofa yake kwana. Kyanwar maƙwabta ta taɓa yin barci a cikin na hagu.

Yaya bai nemi ƙwallon kwando ba, ita ta same shi. Yana tsaye a layin rajista a shekararsa ta farko, ya je karatun gwajin jini, sai kocin jami'ar ya hango kansa ya zarce na kowa. Ya zo ya ce masa ya biyo shi fili da yamma. Yaya ya ce to. Wannan "to" ɗin ita ce halinsa gaba ɗaya. Ban taɓa jin ya ce wa mutum a'a ba, ko da an aike shi cikin rana ne yana tsakiyar cin abinci.

Kafin zuwansa, ɗalibai suna zuwa kallon ƙungiyar ne don su yi dariya. Shi ma da farko ƙwallo sulluɓe masa take yi kamar sabulu. Amma bai taɓa fashin atisaye ba, kuma lokacin da na shigo jami'ar a bayansa, na tarar labari ya canza. Nakan zauna a matakalar can sama, a gefe, jakata a kan cinya, in yi ta kallo. 'Yan ɗaya ɓangaren za su taho a guje, suna isa kusa da kwando sai su ga hannuwan Yaya a sama, su ja baya su jefa daga nesa. Ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo, tana hannunsa. In ɗan ƙungiyarsu ya ɓarar da dama, Yaya ba ya harara, tafi ɗaya zai yi ya ce, "Ba komai, dawo gida." Masu jin tsoron jefawa suka fara jefawa, don sun san ko ta ƙi shiga akwai mai kwaso musu ita.

Mai raba musu ƙwallo wani ne da ake kira Gajere, bakinsa ya fi jikinsa girma. Shi yake cewa, "Ni in na rasa yadda zan yi, sama nake jefa ta in rufe ido. Ina da mutum a bene."

Koci kuwa ba ya fitar da shi ko na minti ɗaya. Wurin zamansa a benci ma jakunkuna ake tarawa a kai.

Abin da 'yan kallo ba sa gani shi muke gani a gida. Kafin gari ya waye ya fita gudu. Daga can sai aji, daga aji sai ɗakin gwaje-gwaje, da yamma a koma fili. Ƙarshen mako kuma tafiya wasu jami'o'in a cikin bas ɗin da ba a ƙera kujerunta don irinsa ba, gwiwoyinsa suna tokare da kujerar gaba. Ya fara barci da cokali a hannu. Ya yi barci a shagon Baba a kan yadin mutane. Dariyarsa ta ragu. Na lura in zai ɗaura igiyar takalmi sai ya ɗora ƙafar a kan kujera, don bayansa ya daina yarda ya sunkuya. In ya miƙo min kofin shayi, ina ganin shayin yana rawa.

Rawar hannun nan ce ta kayar da shi. A sashensu akwai jarrabawar da ake yi da hannu: a ɗiga jini a kan ɗan siririn gilashi, a ja shi da wani gilashin har ya baje shara-shara, a zuba masa launi, sannan a duba a na'ura a faɗi abin da aka gani. A karon farko, kai tsaye daga tafiyar wasa ya shiga. Gilashi ya fashe masa a hannu, aka ba shi wani, shi ma ya fashe. Da ƙyar ya haɗa ɗaya, ya kafa ido a bakin na'urar, shiru. Malamar da ke kula da jarrabawar ta ɗauka nazari yake yi, har sai da ta ji minshari. Ɗalibai sun daɗe suna ba da labarin suna dariya. Mu a gida ba mu yi dariya ba, don dokar sashen a fili take: sau biyu ake zama jarrabawar nan, wanda ya faɗi na biyun ya bar sashen. Yaya kuwa yana shekarar ƙarshe.

Da lokacin zama na biyu ya zo, sai aka sa shi ranar Juma'a da safe. Ranar Alhamis kuma ƙungiyar tana da wasa a wata jami'a mai nisa, wanda in suka ci za su shiga zagayen ƙarshe, abin da ba su taɓa yi ba.

Umma ta ce, "Je ka gaya wa kocin nan ba za ka je ba."

Ya ce, "To, Umma." Ya tafi, ya dawo.

"Me ya ce?"

"Ya ce da ni ya dogara."

"Kai kuma ka ce me?"

Ya sosa ƙeya. "Na ce to."

Ranar Laraba da yamma, Yaya yana kwance a kan tabarma a ɗakinsa barci ya yi awon gaba da shi, sai ga Gajere da Kyaftin ɗin ƙungiyar sun yi sallama. Ina wanke-wanke a gefe. Suka durƙusa suka gaida Umma, Kyaftin yana ta murza hularsa. Gajere ne ya yi magana.

"Umma, sata muka zo yi, sai muka ga ya fi kyau mu nemi izini."

"Satar me?"

Ya nuna takalman da ke bakin ƙofa da haɓa. "Duk garin nan babu wanda zai ara masa wani. Mu in muka ce kada ya je ba zai ji ba, in Koci ya ce ya zo ba zai ƙi ba. Amma ba zai yi wasa da ƙafa tsirara ba."

Umma ta dube su ta daɗe. "Kun san za a iya cinye ku?"

"Umma, ai sana'armu ce kafin ya zo," in ji Gajere. Kyaftin bai yi dariya ba. Ya ce, "Shekara nawa yana ɗauke da mu. Jiya a atisaye na ga yana neman kwalbar ruwansa, tana hannunsa."

Suka ce ba za su tafi da takalman ɗakin kwanansu ba, nan zai fara dubawa, kuma Kyaftin ba ya iya kallon idonsa ya yi ƙarya. Umma ta ce su bar mata. Da suka fita ta ɗauki takalman da yatsu biyu, tana kawar da hanci. A wasu gidajen in za a ɓoye wa yaro abu sama ake kai shi. Umma ta san ɗanta. Ta shiga shago ta cusa su cikin buhun ƙyallayen da ke ƙarƙashin keken ɗinki, dab da ƙafar Baba. Baba bai daina taka keken ba. Ya ce, "Ni dai ɗinki nake yi."

Da safe Yaya ya duba saman durowa, saman firji, saman katanga, har saman tankin ruwa ya shafa. Ya ratsa shagon Baba ya dawo ya sake ratsawa, yana laluben kantocin sama. Ko sau ɗaya bai sunkuya ba. A ƙarshe ya zo ya tsaya a kan Umma tana tsince shinkafa.

"Umma, kin san inda suke."

"Na sani."

"Don Allah ki ba ni."

"Gobe da rana zan tuna inda na ajiye."

Ya saɓa jaka ya fita da silifas. Ya manta kwalbar ruwansa, na ɗauka na bi shi a baya. Mun tarar bas ta cika, Koci yana tsaye a bakin ƙofa yana duba agogo. Ya kalli fuskar Yaya, ya sauke ido kan silifas ɗin.

"Ina takalmanka?"

"Sun ɓata, Koci. Amma zan iya yi a haka."

Koci ya leƙa cikin bas. Duk 'yan wasan suka juya suna kallon taga, har wanda tagarsa bango take kallo. Gajere ya duƙufa yana gyara igiyar takalminsa da take a ɗaure. Sannan Koci ya sake duban Yaya, wannan karon kamar yau ya fara ganinsa: idanun da suka faɗa, kafaɗar da ta karkace.

"Gobe ne jarrabawar taka?"

"E, Koci."

"Ba a yi min wasa da silifas. Koma gida."

Muka tsaya har bas ta sha kwana. A hanyar dawowa ina ta sauri don in kamo takunsa. Ya shiga ɗaki ya buɗe littafi. Da na leƙa bayan ɗan lokaci, littafin yana kan ƙirjinsa, ƙafafunsa sun zarce katifa. Ranar nan Baba bai taka keke ba. Ya zauna da allura yana sa maɓallai da hannu, duk wanda ya shigo da ƙarfi sai ya ɗora yatsa a baki.

Sai bayan la'asar Yaya ya tashi. Ya ci abinci mai yawa, bai yi gyangyaɗi a kai ba. Da magariba Gajere ya kira wayata, ba tasa ba. Muryarsa ta dushe. An cinye su, da ɗan kaɗan. "Na yi ta jefawa sama, benen babu kowa," in ji shi. "Sai daga baya na tuna akwai mutane a ƙasa. Ya yi barci?" Na ce ya yi. Ya ce, "To shi ke nan."

Ni na gaya wa Yaya. Ya kalli tafin hannunsa. Can ya ce, "Da na je..." Bai ƙarasa ba, babu kuma wanda ya ƙarasa masa. Ya koma kan littafinsa, ya kwanta da wuri.

Washegari da rana na bi ta sashensu. Na tarar da 'yan ƙungiyar a zube a baranda, wasu da bandeji a gwiwa. Sun riga sun biya ta gida, Umma ta tuna inda ta ajiye takalman. Gajere ya zura takalman a kan nasa takalman yana jan ƙafa kamar mai tafiya cikin kwale-kwale biyu. Ƙofa ta buɗe, ɗalibai suka fara fitowa. Yaya ne na ƙarshe, ya rage tsawo ya fito da farar rigarsa da hannunta bai kai masa wuyan hannu ba. Malamar tana bayansa. Ta ce, "Yau ba ka yi mana minshari ba, Tsani." Ta wuce.

Kyaftin ya miƙe. "Yaya dai?"

Yaya bai amsa ba. Ya miƙa hannunsa gaba, ya buɗe yatsun. Suna tsaye cak. Sannan ya dubi Gajere ya ce, "Cire min takalmi, ɓarawo."

Sakamako ya fito bayan wasu makonni, ya haye. Zagayen ƙarshen kuwa bai taɓa buga shi ba, don a shekarar ya gama. Ya yi sauran ƙananan wasannin da suka rage, kuma a ɗayansu, ana tsakiyar wasa, na ga ya ɗaga wa Koci hannu ya nuna benci. Sai da aka tsaya aka kwashe jakunkuna kafin ya samu wurin zama.

Yanzu yana aiki a ɗakin gwajin jini na wani ƙaramin asibiti. Yara sukan fashe da kuka da sun ga ya tunkaro su daga can sama, amma iyayensu mata suna cewa a kira musu dogon nan, hannunsa ba ya da zafi. Takalman suna nan a bakin ƙofa. Har yau in ya sa su za shi fili da yamma, wani lokacin sai ya tsaya ya zazzage, wani ɗan guntun zare ya faɗo.